Gombe zuwa Abuja: mota ko jirgin sama? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, har wasu na cewa gara mutum ya ƙara kuɗi ya hau jirgi ya huta. Ni dai ban gamsu ba tukuna. Wata mai zuwa zan kai Hajiyarmu ganin likita a Abuja, tana fama da ciwon baya da gwiwa, ga ƙanwata da za ta zauna jinya. Mu uku ke nan. Don Allah wanda ya bi hanyar nan kwanan nan, ta sama ko ta ƙasa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, ban da ji-ta-ji-ta.

Mai shagon atamfa, Tudun Wada: Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni kasuwa ta mai da ni ɗan hanya, bari in zayyana maka ita. Idan kana son shiga Abuja da sauran haske, ka yi sallar asuba a tasha, domin motar farko ce ke cika da wuri. Wadda ke biye da ita sai ka zauna jiran lodi har hantsi ya dubi ludayi, 'yan kamasho na ta cewa saura mutum ɗaya. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, ta Alƙaleri da gadar Dindima. Daga Bauchi ka bi ta Nabardo da Magama Gumau da Tilden Fulani ka haura Jos, sanyi ya fara dukanka ta taga. Bayan Jos akwai Hawan Kibo, gangara mai lanƙwasa inda manyan motoci ke rarrafawa, kowa a motar ya yi tsit yana salati. Sai Akwanga, sai Keffi. Abin da ya fi cin rai shi ne ƙarshen tafiyar: ka iso Masaka kana murna, cunkoson Mararaba da Nyanya ya riƙe ka har magariba ta wuce. Wuni guda ne cur. Ga mai lafiya babu komai, a tsaya a ci tuwo ko shinkafa, a haɗa azahar da la'asar a yi ƙasaru, a ci gaba. Amma mai ciwon baya a kujerar baya ta Homa, gwiwarta na dukan kujerar gaba duk ramin da aka faɗa, wallahi ba zan ba ka wannan shawara ba.

Malamar asibiti, Fantami: Yaya, ka sa Hajiya a jirgi. Na raka surukata haka bara. Daga gida zuwa filin jirgin Lawanti ba nisa, yana kan hanyar Bauchi, kuma kusan awa ɗaya ce a sama. Tun wajen sayen tikiti ka faɗa musu kana da marar lafiya, za su tanadi kujera mai taya, su tura ta har gindin matakala, a Abuja ma a tarbe ta da wata. Tsohuwar da na raka ta riƙe hannuna gam lokacin tashi tana jan carbi, kafin ta gama shan ruwan da aka ba ta an ce a ɗaura bel za a sauka. Abu biyu kawai ka sa a lissafi. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, kuɗin tasi daga can ba wasa ba ne, gara ka sa wani ɗan'uwa ya zo ɗaukarku. Na biyu, kaya. Awo ake yi, abin da ya haura kilon da aka ƙayyade sai ka biya, jarkar man shanun da muka ɗauko tsaraba kuwa a nan muka mai da ita gida.

Ma'aikaci, Bolari: Malamar asibiti ta faɗi daɗin, bari in faɗi ɗacin. A watan Janairu ina da ganawar neman aiki a Abuja, na sayi tikiti don kada in makara. Muka isa fili da hantsi, hazo ya rufe gari, ko bishiyoyin bakin titin jirgi ba a gani sosai. Aka ce jirgin da zai kwashe mu bai taso daga Abuja ba. Muka zauna har la'asar, babu mai yi mana bayani, sai can wata ma'aikaciya ta fito ta ce an soke tashi, a dawo gobe. Wanda ya hau mota da asuba a ranar ya riga ni kwana a Abuja. Jiragen da ke zuwa mana kaɗan ne, idan ɗaya ya fasa babu na bayansa da za ka faɗa, ba kamar Kano ko Legas ba. Don haka lokacin hunturu, idan ranar ganin likita Litinin ce, kada ka sayi tikitin Lahadi. Ka ba da tazarar kwana biyu.

Tsohon ma'aikacin reluwe: 'Ya'yana, ina karanta maganganunku raina na sosuwa, domin duk wannan wahala da akwai maganinta a garin nan. Layin dogo ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya wuce ta Bajoga da Buni ya kai Maiduguri a 1964. Gyada da auduga da shanu duk ta nan ake fitar da su, mutane kuma su hau har Kafanchan, daga can mai zuwa Kaduna ya canja, mai zuwa Inugu da Fatakwal ya miƙe. Ba shi da sauri, wannan gaskiya ne, yakan kwana a hanya. Amma tsohuwa tana miƙe ƙafarta, ta tashi ta zaga, akwai bayi a ciki, buhunta na masara yana tare da ita, kuɗin kuma talaka na iya biya. A kowace tasha mata na miƙo fura da dafaffen ƙwai da rake ta taga. Yau je ka tashar ka ga ciyawa ta cinye layi. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, abin da ya tashi yana can tsakanin Fatakwal da Aba, mu nan har yau ko kukan jirgi ba mu ji ba. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi maganar dogo.

Ɗaliba, Jami'ar Jihar Gombe: Baba, Allah ya ƙara girma. Na hau na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, awa biyu da 'yan kai, ina zaune ina bitar karatuna. Tun harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022 mahaifiyata ba ta son jin na hau, amma ranar da na hau na gane abin da aka hana mu.

Ɗan Wunti, Bauchi: Mu nan muna da filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Durum, amma yawancinmu Yankari Express muke bi ko motocin tashar Muda Lawal, tunda mun fi ku kusa. Idan kun zaɓi mota, ku raba tafiyar biyu: ku kwana a Bauchi ko Jos, Hajiya ta huta, da safe ku ƙarasa.

Direba, Tashar Dukku: Alhaji, ni da mota nake ci, amma gaskiya ɗaya ce. Kuɗin tikitin mutum ɗaya a jirgi zai kai ku ukun a mota har a yi canji, don haka ku raba: Hajiya da ƙanwarka su bi jirgi, kai ka riga su da kwana ɗaya a mota da kaya da abincin jinya, ka tarbe su a can. Idan aljihu bai kai ba, kada ku shiga Homa. Ku nemi Sharon ko Siyana, ku biya wa Hajiya gaba ita kaɗai, a kwantar mata da kujera, a sa filo. Kafin ka biya, zaga motar ka duba tayoyi da kanka, ka tambaya ko akwai safaya, domin faci a dajin da babu gari ba abin wasa ba ne da marar lafiya. Ka shiga motar da ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa, irin Gombe Line ko ta cikin tasha, ban da ta bakin titi komai arharta. Kuma duk direban da ya ce maka a bi dare don babu cunkoso, ka sauke kayanka. Ni kaina idan magariba ta same ni a Jos, a Jos nake kwana.