Motata tana dukan ƙasa a kan gargada: shakazoba ce ta mutu?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, kuma tun bayan damina duk ƙaramin ramin da na faɗa sai in ji dukan har cikin ƙashin bayana, alhali a da motar tana haɗiye irin wannan gargada ba tare da na lura ba. Wani bakanike ya ce in canza shakazoba, wato abin da ke rage girgizar mota, guda huɗu gaba ɗaya, amma bai ko leƙa ƙarƙashin motar ba, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi?

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da iskar taya, domin masu faci da yawa suna cika ta har 40 ko fiye a ma'aunin iska, alhali ƙananan motoci irin taka ba su wuce 30 zuwa 35 ba. Adadin da kamfani ya tsara yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Bakanike daga Kano:
Maganar Baba direba gaskiya ce, kuma akwai bambancin da ya kamata a fahimta. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke lotsawa ya dawo, shi ne ke ɗauke da nauyin mota, aikin shakazoba kuwa shi ne ta hana shi ci gaba da lilo, ta hanyar man da ke ratsa ƙananan ƙofofi a cikinta. Saboda haka wadda ta gaji yawanci tsalle take sa mota, gaba ya duƙa idan an taka birki, jiki ya karkata a kwana. Tauri da duka kuwa sun fi zuwa daga iska mai yawa, ko sifirin da ya zauna, ko shakazobar da ta lanƙwashe ta cije.

Ka danna kowace kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Idan ta yi lilo fiye da sau biyu, akwai matsala. Sannan a ɗaga motar a duba. Ɗan danshin mai a jikin shakazoba ba abin damuwa ba ne, amma idan yana gangarowa ya kama ƙura, to ta ƙare. Ka shafa tayar da hannu, idan ka ji ta cinye wuri-wuri kamar an ƙwaƙule, wannan ma shaida ce. Ƙarar ƙwanƙwasa kuma sau da yawa bushin ne ya yage, wato robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota, wanda kuɗinsa bai kai na shakazoba ko kusa ba.

Idan canjin ya zama dole, bibbiyu ake yi, na gaba tare ko na baya tare, kuma bayan na gaba a daidaita ƙafafun motar. Ni ban cika son tsohuwar shakazoba ta Beljiyam ba, domin ba a sanin tafiyar da ta riga ta yi.

Mai Corolla:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tarar da iska 44 a tayoyin gaba, na rage, kuma dukan ya yi sauƙi sosai. Sai dai shakazobar baya ta hannun dama tana zubar da mai, don haka gobe zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in nemo guda biyu.