Malt da madara na ƙara jini, ko kuwa?

Bashir: Jama'a, duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, ya haɗa malt da madarar gwangwani kullum. Sati biyu ya cika. A gidanmu haka ake yi wa mai jego.

Zainab: Malam Bashir, ban yarda ba. Abin da jiki ke buƙata don gina jini shi ne sinadarin ƙarfe, madara kuwa ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Ƙarfin da mutum ke ji bayan ya sha, sukari ne. Mai jego a gidanku ai har da farfesun hanta da kunun kanwa ake ba ta, ko?

Bashir: Ana ba ta. Amma ni da idona na ga ta murmure.

Sadiq: Ni damuwata shayi ne. Rabin 'yan hostel ɗinmu shayi da biredi da safe, indomi wajen mai shayi da dare, a kora da wani shayin. An ce shi ke shanye jini.

Hafsat: Haba Sadiq, iyayenmu shekara nawa suna shan shayi?

Zainab: Ba ya shanye jini, amma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ganyen shayi na da sinadarin da ke kama ƙarfen da ke cikin wake da ganye, ya hana hanji tsotse shi. Idan an bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, matsalar na raguwa. Lemon zaƙi ko gwaiba kuma suna taimaka wa jiki ya tsotsa, saboda bitamin C.

Hafsat: To me ya sa mu mata aka fi cewa jininmu ya yi ƙasa, alhali mun fi ku dafa abinci?

Zainab: Jinin al'ada ne, 'yar'uwa. Duk wata muna asarar ƙarfe, shi ya sa buƙatarmu ta ninka ta namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙirga ƙarancin jini idan ma'aunin hemogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12 ga mace marar ciki, 13 ga namiji.

Sadiq: Ni PCV ɗina, wato gwajin yawan jini, lafiya lau ya fito, kuma ban fasa shayi ba.

Zainab: PCV kaɗai ba ya nuna komai da komai. Ajiyar ƙarfe na iya ƙarewa kafin ya sauka, gwajin feritin ne ke nuna ta. Ƙishirwa da shan taba ma suna ɗaga PCV. Kuma ba abinci kaɗai ke sauke jini ba, akwai maleriya, tsutsar ciki da sikila. Mai yawan jiri ya je a auna shi kafin ya sayi wani maganin ƙarin jini.

Bashir: Na ji. Amma hanta kullum, da wane kuɗin? Mu ɗalibai ne fa.

Hafsat: Kuɗin malt ɗaya da gwangwanin madara ai ya isa ka ci wake da kwaɗon zogale har da lemo.

Bashir: Waken zan ƙara. Malt ɗin dai ina nan da shi.