Me ya sa kalmomin Danish suke kama da na Turanci?

Ɗaliba daga Jos: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Kofanhegan, babban birnin Denmark, kuma da na fara duba ƙamus sai na ga Turanci na cewa "house", "hand" da "egg", harshen Danish kuma na cewa "hus", "hånd" da "æg". Shin zan iya dogara da wannan kamanni wajen gane ma'ana?

Malamin harsuna, Abuja: Wa alaikumus salam, 'yata. Kamannin ba na banza ba ne, domin harsunan biyu tushensu ɗaya, sannan mutanen Denmark sun mamaye arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9, suka bar wa Turanci kalmomi irin su "egg" da "window", wadda asalinta ke nufin idon iska. Sai dai ki yi hattara, domin wasu kalmomin sun yi kama da na Turanci amma ma'anarsu daban: "gift" a Danish tana nufin guba ko wanda ya yi aure, "barn" yaro ne, "sky" gajimare ne, "time" kuwa awa ɗaya ce.

Ma'aikaci a Wuse: Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma a ganina wahalar tana wajen furuci. Na taɓa karanta "brød", wato burodi, a gaban wani baƙo ɗan ƙasar Denmark, sai da na maimaita sau uku kafin ya gane. Ki fara da haruffan æ, ø da å, sannan ki riƙe "tak", wato na gode.

Ɗaliba daga Jos: Na gode, Malam. Da ba ku faɗa ba, da na ɗauki "gift" a matsayin kyauta.