Sabbin plazoji a Kano: a hana kowane shago ajiye janaretansa?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ga ra'ayina, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Duk mai son gina sabuwar plaza, kada hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta sa hannu a takardarsa sai zanen ya nuna ɗakin janareta guda ɗaya babba, bututun hayaƙinsa ya zarce rufi, ga kuma wurin farantan sola a sama. Shago hamsin, janareta hamsin a baranda, abin ya ishe mu haka.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Injiniya, ku dai kun iya tsara magana. Ƙurar da ke rufe garin nan duk hunturu daga Bodele ta ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Ita ma ɗan janaretana ne ya jawo ta? A bar talaka ya nemi abincinsa.

Sista: Alhaji, hazo wata uku ko huɗu yake yi ya tafi. Hayaƙin baranda kuwa tun safe har magariba yaron shagonka yake shaƙarsa, damina da rani. Mafi muni ma shi ne iskar gubar da ba ta da wari ko kaɗan. Ita ce ke sa mutum ciwon kai da jiri, in wurin a rufe yake ta kashe. Ku tambayi masu asma yadda suke ƙarewa a benayen nan.

Ɗan Kwari: Sista, ban ƙi taki ba. Amma na taɓa zama a wata plaza mai janareta ɗaya. Duk wata sai a karɓi kuɗin gas, ƙarfe biyu na rana manaja ya ce mai ya ƙare. Wa za ka kama? Nawa kuwa ni nake zuba fetur, ni nake kashewa. Sannan kuɗin solar nan, mai gini ba daga aljihunsa zai biya ba, a haya zai lafta mana.

Injiniya: Wannan ai matsalar amana ce, maganinta mita. Kowane shago da tasa, ka sa kati, ka sha daidai kuɗinka. Kuma ba sabon abu ba ne: a 2018 hukumar samar da wutar lantarki a karkara, REA, ta shigo da sola kasuwar Sabon Gari, shaguna suka riƙa biya. Batun tsada kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zauna ka lissafa abin da kake ƙonawa a wata. Ni abin da nake faɗa, lokacin gini ne aikin yake da araha. In an gama rufi sannan a dawo ana fasa bango don jan waya, kuɗi biyu ke nan.

Magini: Duk kun tsallake namu ɓangaren. Kafin a kunna janareta ko ɗaya, an shekara ana bulbula wa maƙwabta ƙura. Tifa ta ɗauko yashi ba tamfol, a juye a bakin titi, a yi ta ƙona buhunan siminti da yamma. Dokar tantance illar aiki ga muhalli tana nan tun 1992, amma wa ya taɓa ganin an tsayar da plaza mai hawa biyu saboda ita?

Sista: To me ya hana ku yayyafa ruwa, Malam?

Magini: Ruwan da muke saye a wurin 'yan garuwa? Mai gini ƙirga jarka yake yi. In ba a rubuta shi cikin kwangila ba, ba wanda zai zuba.

Injiniya: To a rubuta. Tamfol, ruwa, katanga ta kwano, duk su shiga takardar izini.

Ɗan Kwari: In mitar kati ce, kuma makullin ɗakin janareta yana hannun ƙungiyar 'yan shago ba manaja ba, zan iya saurara. Amma nawa ba zan sayar ba tukuna, zan tura shi ƙarƙashin kanta sai na ga wata shida ba a ɗauke ba.