Abin da aka faɗa kan masu sayar da kayan kamun kifi da na kwalekwale a lokacin annobar korona

1. A tattaunawar da aka yi kan halin da masu sayar da waɗannan kaya suka shiga, bakin mafi yawa ya zo ɗaya cewa rashin kaya ya fi rashin ciniki cutar da 'yan kasuwar Damagaram a 2020, domin Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agustan 2019, sai korona ta zo a watan Maris ta ƙara tsananta lamarin, alhali koma da ƙugiya da igiya galibi daga Kano ake kawo su. Shawararsu ita ce a ajiye kayan gyara, wato zare da ƙusa da kwaltar liƙe jirgi, tunda masunci ya kan ɗinke tsohuwar komarsa idan sabuwa ta gagara.

2. An yaba wa waɗanda suka riƙa karɓar saƙo ta waya, suna aika kaya Gidimuni, garin da ke bakin tafki a jihar Damagaram, a motar kasuwa.

3. A kan bashi ne aka rabu. Wasu sun ce a ɗaga wa tsohon abokin ciniki ƙafa har kifi ya samu, wasu kuwa sun ce jarin ƙaramin ɗan kasuwa ba zai jure ba. Ni dai na fi karkata ga na farko, muddin an rubuta.

4. Ba wanda ya goyi bayan ɓoye kaya don farashi ya hau.