Tsafi gaskiyar mai shi: wace gaskiyar ake nufi?

'Yar Katsina: Jiya a tasha na ga direba ya rataya laya a madubin mota, wata tsohuwa ta kalla ta ce "tsafi gaskiyar mai shi". Na kwana ina juya maganar. Yarda ta yi da layar, ko habaici ne?

Ɗan Zazzau: Ni dai ba na faɗarta. Ta yaya Musulmi zai haɗa tsafi da gaskiya a baki ɗaya?

Malamin allo: Ɗana, ka tsaya tukuna. Gaskiyar nan ba kishiyar ƙarya ba ce, abin da mutum ya ba wa gaskiya ne. Daga "ba da gaskiya" aka samu "bangaskiya", kalmar da Kiristoci Hausawa suka riƙe a inda mu muke cewa imani. Imani kuwa Larabci ne, tushensa ɗaya da amana da aminci: zuciya ta amince, ta natsu. Aƙida ita ma aro ce, daga kalmar ƙulla igiya, wato abin da zuciya ta ƙulle a kansa. Tsohuwar ba ta ce layar na aiki ba, cewa ta yi direban ya ƙulla.

Bagobiri: Allah gafarta malam, a wajenmu Maraɗi habaici ne zalla. Haka muke ce wa mai kafiya a kan jam'iyya ko ƙungiyar ƙwallo da kullum ake lallasawa.

Ɗan Zazzau: To na ji, amma don me aka zaɓi tsafi?

Malamin allo: Don shi aka tarar. Tun kafin Wangarawa su zo Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji, ana bautar Tsumburbura a gindin Dala. Tsafi kalmarmu ce ta gida. Addini kuwa da harafin Larabcinsa ya iso, ad-din, muka haɗiye shi ɗungum.

'Yar Katsina: Malam, abin da ya fi ba ni mamaki, in aka ce wane ba shi da imani, ba a nufin ya bar salla. Mara tausayi ake nufi. Kakata ma mahauci take gaya wa haka in ya rage mata nama.

Bagobiri: Mahaucin ya ƙara?

'Yar Katsina: Ƙashi ya ƙara mata.