Wace allura da wane zare suka dace da ɗinkin duwatsu da ɗinke kaza?

Uwargida daga Katsina:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ɗinkin hannu. Duwatsun adon da ke wuyan leshina sun fara zuba, kuma allurar da nake da ita ba ta shiga hudar dutsen, balle ta wuce da zare. Sannan ina so in gasa kaza wadda aka cusa wa shinkafa a ciki, an kuma ce mini sai an ɗinke bakin cikin an ɗaure ƙafafun. Shin zaren ɗinkin da ke gida zai yi duka ayyukan biyu?

Tela mai aikin hannu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba zai yi ba, domin kowane aiki da allurarsa da zarensa. Ga duwatsu, ki nemi siririyar doguwar allurar da aka yi musamman don su, lamba 10 ko 12, wadda kafarta ba ta fi jikinta kauri ba. A allurar hannu, idan lamba ta ƙaru allura siranta take yi, saɓanin ta keken ɗinki, inda lamba 16 ta fi lamba 12 kauri, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa idan sun je saye.

Ki yanki zare kamar kamu ɗaya ko ya ɗan fi, domin dogon zare sarƙewa yake yi, ki kuma ja shi a jikin kakin zuma don ya yi santsi. Abin da na fi so ki kiyaye shi ne kada ki zira duwatsu masu yawa a zare ɗaya ki kama su a bakin farko da na ƙarshe kawai. Ki zira uku, ki soka allurar ƙasa, ki dawo da ita baya ki sake bi ta cikin na ƙarshen kafin ki ƙara wasu ukun, sannan ki riƙa ƙulli ta bayan yadin lokaci-lokaci. Idan kika yi haka, ko zaren ya tsinke wajen wanki, biyu ko uku ne za su faɗi, ba layin gaba ɗaya ba.

Mai girkin biki:
'Yar'uwa, ni kan kazar zan yi magana, domin abin da za a ci ne. Yawancin zaren ɗinki na yanzu roba ne, kuma wuta tana narkar da shi ya manne a jikin nama. Ki nemi farin zaren auduga zalla mai kauri, wanda ba a rina ba. Idan kina shakka, ki kanga wa bakinsa ashana: auduga takan ƙone ta zama toka mai laushi, na roba kuwa yakan narke ya dunƙule ya yi tauri.

Basilla sabuwa marar tsatsa ta isa, amma ki tafasa ta tukuna. Kada ki danƙara shinkafar har ta cika cikin, domin zafi ba zai ratsa tsakiya ba, kuma wajibi ne nama da abin da aka cusa su kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas kafin a ci. Ki ɗinke fatar da manyan taku huɗu ko biyar, ki naɗe fukafukan ta baya, ki haɗa ƙafafun ki ɗaure. Ki bar wutsiyar zaren da tsawo yadda za ki zare shi duka kafin a kai wa yara.

Malama mai koyar da ɗinki:
Na yarda da bayanin Malam tela, sai dai ina ganin a leshi mai raga gara ki ɗinka kowane dutse shi kaɗai, ki bi ta cikinsa sau biyu, domin raga ba ta da ƙarfin riƙe nauyin layi. Ki zaɓi zare mai launin yadin, ba mai launin dutsen ba, kuma kada ki ja shi da ƙarfi, in ba haka ba wuyan rigar zai tattare.

Uwargida daga Katsina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Leshin nawa mai raga ne, don haka zan bi shawarar Malama, basilla kuma zan sayi sabuwa in keɓe ta don girki kaɗai.